Littafin Labarin Matsattsaku da Ƙaho da Abin da Ya Gudana Cikin Fitar da Jini don Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, mai cuta mai magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai neman sani, wannan labarin matsattsaku ne, da yadda masu magani suka yi aiki da shi tun zamanin da, da yadda aka bar shi, da yadda aka komo gare shi. A ciki akwai labarin ɗan'uwansa ƙaho, wanda shi ne sananne wurinmu a ƙasar Gaya da Ajingi da sauran ƙasar Hausa. Dalilin rubuta shi, jama'a sukan zo wurin almajiri su tambaye shi hukuncin fitar da jini, shi kuwa ya san halaccinsa, bai san wanda fitar da jini ke cutarwa ba. Jinin mutum amana ne, ba a zubar da shi a kan jahilci. Shekarun da ke cikin littafin nan na Miladiyya ne, sai inda aka ce Hijira. Mun kasa shi fasali shida da hatima.

Fasali na farko, bayanin matsattsaku da sunansa

Ka sani matsattsaku tsutsar ruwa ce, tana zama cikin tafki da kududdufi da fadama. Duk wanda ya yi su, ko ya yi noman rani, ko ya shayar da shanu a fadamun da ke bin kogin Wudil har Ringim da Haɗeja, ya san shi. Larabawa suna ce masa alaƙu, daga asalin kalmar da ke nufin maƙalewa, domin yakan maƙale a jikin wanda ya kama. Daga wannan asali ne sunan Suratul Alaƙ ya fito, wadda malaman tafsiri suka fassara kalmar cikinta da gudan jini.

Yana da mazuƙi biyu, ɗaya a kai, ɗaya a wutsiya. Irin da likitoci ke aiki da shi yana da muƙamuƙi 3, kowane da haƙora ƙanana kamar 100. Kadan ya ciji mutum sai ya bar tabo mai reshe uku. Cizonsa ba shi da zafi ƙwarai. Yakan sha jini kamar cokalin shayi 1 zuwa 3 cikin rabin sa'a ko sa'a guda, sa'an nan ya ƙoshi ya faɗi da kansa, ya yi watanni bai ƙara ci ba. Amma abin lura, bayan ya faɗi jini ba ya tsayawa, yakan yi ta tsattsafowa sa'o'i da yawa, wani lokaci har kwana guda. Riƙe wannan, domin a kansa ƙarshen labari zai tsaya.

Fasali na biyu, mutanen farko

Mutanen Hindu suna cikin waɗanda suka riga rubuta wannan ilimi. A littafin likitansu Susuruta an ƙidaya matsattsaku iri 12, aka ce 6 masu dafi ne, 6 marasa dafi, aka faɗi yadda ake kiwonsu cikin tulu. Mutanen Yunan da Rum su ma sun yi aiki da shi tun gabanin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Asalin ra'ayinsu shi ne, jikin ɗan Adam ya haɗu da ruwa huɗu: jini da majina da safara'u da sauda'u. Suka ce kadan huɗun nan suka daidaita mutum yana lafiya, kadan ɗaya ya rinjaya sai cuta ta tashi. Saboda haka wanda jini ya rinjaye shi a rage masa. Babban malaminsu cikin wannan shi ne Jalinusu, wanda ya yi zamani a Rum cikin ƙarni na 2. Maganarsa ta yi mulkin likitoci fiye da shekara 1,000. Hanyar rage jini uku ce wurinsu: tsaga jijiya, wanda Larabawa ke ce wa fasadu, da ƙaho, wanda suke ce wa hijama, da ɗora matsattsaku.

Fasali na uku, likitocin Musulmi da malaman fiƙihu

Amma ƙaho, asalinsa cikin sunna tabbatacce ne. Imamu Maliku ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, aka ba shi ladan sa'i guda na dabino. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekarar 751 ta Hijira, ya bayyana cikin Zadul Ma'adi cewa ƙaho ya fi dacewa da mutanen ƙasa mai zafi bisa tsaga jijiya. Ka ga malamai tun da can sun duba ƙasa da lokaci da halin mutum, ba su mai da shi maganin kowa a kowane hali ba.

Sa'an nan aka fassara littattafan Yunan zuwa Larabci a Bagadaza, likitocin Musulmi suka karɓa suka tace suka ƙara. Abul Ƙasim Azzaharawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi babi a kan matsattsaku cikin littafinsa Attasrifu. Ya ce wurin aikinsa shi ne gaɓar da ƙaho ba ya zama a kanta, don ƙanƙantarta ko don rashin tsoka, kamar leɓe da dasashi da hanci da yatsa. Ya ce a zaɓo na ruwa mai daɗi mai tsabta, a bar shi kwana da yini cikin ruwa mai kyau har ya ji yunwa, a murza wurin har ya yi ja, kana a ɗora. Kadan ya ƙi kamawa a shafa wa wurin ɗanyen jini. Kadan ana so ya saki a barbaɗa masa gishiri ko toka. Ya kuma yi babi daban a kan fitar da matsattsakun da ya maƙale a maƙogwaron wanda ya sha shi cikin ruwa.

Ibnu Sina, wanda ya gama littafin Alƙanunu shekarar 1025, ya rasu a Hamadan shekarar 1037, wato 428 ta Hijira, ya ce matsattsaku yana jawo jini daga wuri mai zurfi fiye da ƙaho. Ya yi horo a guji mai babban kai, da mai gashi-gashi, da na ruwa mai ɗoyi. Ya ce a nemi na ruwan da kwaɗi ke zama cikinsa. Ya ce bayan ya faɗi a ɗora ƙaho a wurin don a tsotse sauran abin da ya bari. Ka lura, ya kai almajiri, malaman nan biyu tsoronsu guda ne, kada ƙazantar ruwa ta shiga jikin majinyaci ta bakin tsutsa. Ba su ga ƙwayar cuta da ido ba, amma sun ga aikinta.

Malaman fiƙihu su ma sun yi maganarsa. Imamu Nawawi, wanda ya rasu shekarar 676 ta Hijira, ya inganta halaccin sayar da matsattsaku saboda amfanin tsotsar jini, ko da yake ba a sayar da sauran ƙwarin da ba su da amfani. Hanafiyya sun ce kadan ya tsotsi mai alwala har ya cika, alwala ta warware, domin fitar jini mai gudana yana warware alwala wurinsu. Amma a mazhabar Maliku fitar jini daga rauni ba ya warware alwala, sai dai jinin da ya kwarara najasa ne, ana wanke shi, ana rangwanta abin da bai kai faɗin dirhami ba. Cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an rangwanta wurin ƙaho kadan an shafe jinin, har ya warke, sa'an nan a wanke. Cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin ba a karhanta ƙaho ga mai azumi ba sai don tsoron ya raunana. Riƙe wannan illa, tsoron rauni, domin ita ce mabuɗin mas'ala duka.

Fasali na huɗu, abin da ke ƙasarmu

Amma ƙasar Hausa, ƙaho ne ya yi ƙarfi cikinta, a hannun wanzamai. Wanzami ba ya aiki sai da maƙeri, domin aska daga maƙera take fitowa. Gaya kuwa garin maƙera ce tun fil'azal. Masu ba da labari sun ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura. Sun kuma ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, ya sauka gindin Dala, zuriyarsa su ne Abagayawa.

Ga yadda aikin yake. Wanzami yakan fid da ƙahon saniya daga zabira, wanda aka huda tsininsa. Ya wanke wurin, ya kifa ƙahon, ya zuƙe iska da bakinsa, ya toshe kafar. Fata ta taso. Ya cire, ya yi tsaga ƙanana da aska, ya mayar da ƙahon, ya sake zuƙa. In an jima ya cire ya zubar da abin da ya taru. Akan yi shi a baya da ƙeya da kafaɗa da gwiwa. Da yawa sukan neme shi da bazara. Wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska, sana'ar kuwa gado ce, ɗa yana koyo wurin uba.

Akwai shaidar baƙo a kan wannan. Cikin watan Janairu na shekarar 1824, wato 1239 ta Hijira, Turawan Ingila biyu suna kan hanya daga Barno za su Kano, Clapperton da likita Oudney. Likitan yana fama da ciwon ƙirji. Da suka sauka Katagum, gabas da mu, ya sa wani mutumin ƙasar ya yi masa ƙaho a ƙirji. Clapperton ya rubuta yadda aka yi, da aska da hudajjen ƙaho, ya yaba gwanintar masu yi. Amma cutar ta riga ta ci ƙarfinsa, ya mutu a Murmur ranar 12 ga watan. Clapperton ya shiga Kano ranar 20, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ka ga a wannan zamani likitan Ingila da wanzamin Katagum ra'ayinsu ɗaya ne cikin sha'anin jini.

Malaman Sakkwato ba su bar ilimin jiki ba. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insani a kan maslahar addini da ta jiki. Muhammadu Bello, wanda ya rasu shekarar 1837, ya wallafa littattafai da dama a kan magani, har da wanda ya keɓe ga cutar basir. Shi ne kuma ya nemi Clapperton a aiko masa da likita daga Ingila ya zauna ƙasarsa. Wannan dalili ne cewa neman magani wurin wanda ya san shi hanyar magabata ce.

Fasali na biyar, yadda aka wuce iyaka

A ƙasar Turawa fitar da jini ya kai ga ɓarna. Shugaban Amurka na farko, Joj Washintan, ya kamu da ciwon maƙogwaro cikin Disamba 1799, aka tsaga masa jijiya sau 4, aka fid da fiye da lita 2, alhali jinin baligi duka kamar lita 5 ne. Bai kwana biyu ba ya mutu.

A Faransa wani likitan soja ya tashi, sunansa Broussais, ya mutu shekarar 1838. Ya ce asalin mafi yawan cututtuka kumburin ciki da hanji ne, maganinsa a hana majinyaci abinci a ɗora masa matsattsaku. Akan ɗora wa mutum guda 30, har 50, a lokaci ɗaya. Almajiransa suka yawaita, tafkunan ƙasar suka ƙare, aka shiga saye daga waje. A shekarar 1833 kaɗai Faransa ta shigo da fiye da miliyan 40. Matalauta sukan shiga ruwa ƙafa tsirara, tsutsa ta kama su, su ciro su sayar. Har irinsa ya yi ƙaranci ƙwarai a yammacin ƙasar Turai.

Sai wani likita a birnin Faris, sunansa Pierre Louis, ya ce a daina gardama da baki, a ƙidaya. Ya duba majinyata 77 masu ciwon huhu. Cikinsu 41 an fid da musu jini a kwana 4 na farkon ciwo, 18 suka mutu. Sauran 36 an jinkirta musu, 9 suka mutu. Ya fitar da wannan cikin littafi shekarar 1835, ya ce amfanin fitar da jini bai kai abin da ake zato ba ko kusa. Bayan haka aka gane ƙwayoyin cuta, ra'ayin ruwa huɗu ya faɗi, kasuwar matsattsaku ta mutu kafin ƙarshen ƙarnin nan. Abin da ya kashe ta ƙidaya ce, ba zagi ba.

Fasali na shida, yadda aka komo gare shi

A shekarar 1884 wani masani a Ingila, Haycraft, ya gano cewa cikin yawun matsattsaku akwai abin da ke hana jini daskarewa. A 1904 aka sa masa suna hirudin. Wannan shi ne sirrin tsattsafowar jini da muka ce ka riƙe. A 1924 likita Haas na Jamus ya yi amfani da shi sa'ad da ya fara gwada wankin ƙoda ga ɗan Adam, don kada jini ya daskare cikin na'ura.

Sa'an nan masu fiɗa suka iya ɗinke gaɓar da ta guntule. Ka sani jijiyoyin jini iri biyu ne: mai kai jini daga zuciya zuwa gaɓa, da mai mayar da shi. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira shekarar 1288, ya riga ya bayyana wucewar jini ta huhu, Harvey na Ingila ya bayyana kewayarsa cikin jiki duka a 1628. Jijiya mai kai jini tana da kauri, tana ɗinkuwa. Mai mayarwa siririya ce, a kunne ko kan yatsa takan gagari allura. Sai jini ya shiga bai fita ba, gaɓa ta kumbura, ta yi baƙi, ta mutu. A 1960 likitoci biyu na ƙasar Sulobeniya suka rubuta cewa sun ceci fatar da aka dasa ta hanyar ɗora matsattsaku. A 1985 a birnin Bostan na Amurka kare ya cire kunnen wani yaro ɗan shekara 5. Likita Upton ya ɗinke kunnen, jini ya taru, kunne ya fara baƙi. Aka kawo matsattsaku daga wurin kiwonsu a ƙasar Wales, aka riƙa ɗorawa kwanaki, jini yana fita, har sababbin jijiyoyi suka tsiro, kunne ya rayu. A shekarar 2004 hukumar abinci da magani ta Amurka ta yarda da shi cikin kayan aikin likita.

Ka duba, wuraren da ya koma aiki su ne kunne da leɓe da hanci da yatsa, kusan waɗanda Azzaharawi ya ƙidaya. Tsoron Ibnu Sina kuma ya tabbata, domin an sami wata ƙwayar cuta mai suna Aeromonas tana zama cikin hanjinsa, tana iya ruɓar da rauni. Saboda haka likitoci ba su aiki sai da wanda aka kiwata cikin tsabta, suna ba majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta tare, suna auna jininsa kada ya ƙare, kuma wanda ya sha jinin mutum guda kashe shi ake yi, ba a ɗora wa wani.

Hatima, cikin fa'idoji biyar

Ta farko. Kada wani ya ji wannan labari ya tafi kududdufi ya kamo matsattsaku ya ɗora wa majinyaci. Na kududdufi ya sha jinin dabba da na wani mutum, cikinsa da cuta.

Ta biyu. Akwai irin da ke shiga hanci ko maƙogwaron mai shan ruwan tafki, mutum ko dabba. Ya sami sojojin Faransa a Masar shekarar 1799. Alamarsa haɓo ko tofar da jini wanda ba ya tsayawa, da shaƙewar murya, bayan shan irin wannan ruwa ko wanka cikinsa. Wanda ya ga haka ga yaro ya gaggauta kai shi asibiti. Riga-kafinsa tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, kamar yadda aka yi wa kurkunu har aka shaida ƙarewarsa a Najeriya shekarar 2013.

Ta uku. Baƙin gudan da kake gani cikin ƙaho ba dalili ba ne cewa mataccen jini ne. Kowane jini kadan ya fita ya tsaya yakan daskare ya yi duhu, ko na mai lafiya ne. Kada a ce tun da ya fito baƙi a ƙara tsaga.

Ta huɗu. Wanda jininsa ya yi kaɗan ba a rage masa: mace mai ciki, da mai jego, da ƙaramin yaro, da mai amosanin jini, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar har idonsa da tafinsa suka yi fari. Haka wanda jininsa ba ya tsayawa, da mai shan maganin tsinka jini. Mai ciwon sukari ya yi hattara da tsaga a ƙafa, domin rauninsa ba ya saurin warkewa. Wannan duka yana shiga ƙarƙashin illar da mai Risala ya ambata. Kuma ƙaho ba ya tsaya wa mutum a madadin maganin hawan jini ko na tarin fuka.

Ta biyar. Aska ɗaya mutum ɗaya. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna bin jini. Binciken da aka yi a Najeriya shekarar 2018 ya sami kamar mutum 8 cikin 100 na baligai suna ɗauke da wannan ciwon hanta, da yawa ba su sani ba. Ƙwayarsa takan rayu a busasshen jini a bakin ƙarfe kwana 7. Shafe aska da tsumma ba ya kashe ta. A sa sabuwar reza ga kowa, a jefar bayan an gama inda yara ba su kaiwa, a dafa ƙaho ko kofi, ko kowa ya zo da nasa. Wanzami kuma ya tsare bakinsa da hannunsa, ya nemi allurar riga-kafin ciwon hanta, domin shi ne ya fi kowa kusa da jini. Almajirin da ya faɗi wannan ga wanzamin unguwarsu da ladabi ya yi nasiha ga Musulmi, bai rage wa sunna komai ba.

A nan labarin matsattsaku da ƙaho ya ƙare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya amfanar da mai karantawa da mai kwafa da mai saurare. Tammat bi hamdillahi wa husni aunihi.